Beyar Mai Ƙararrawa

Sau goma sha ɗaya ana harbe Anbo Noboru a filin makarantar Sawanome, kuma duk a kan idona aka yi. Kowace shekara in dusar ƙanƙara ta narke, ofishin gari yakan shirya atisayen abin da za a yi idan beyar ya sauko daga dutse ya shigo cikin mutane, to dole a samu wanda zai zama beyar ɗin. Rigar da ofis ya saya ta baƙin gashi ce, da ƙaton kai da ake kifawa a sama. Wanda ya yi odarta bai duba girma ba, ta zo babu wanda ya cika ta duk ofis sai Noboru. Haka ya zama beyar ɗinmu har ya yi ritaya, bayan ritayar ma ba a samu magaji ba.

Ni ce Fumie mai kanti. Aji ɗaya muka yi da shi tun firamare, don haka in na ce ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba, ba jita-jita nake yi ba. Ga jiki kamar buhun shinkafa, amma ko gada zai haye sai ya fara taka ta da ƙafa ɗaya ya ji ƙarfinta. Sau ɗaya aka taɓa kai shi ganin yarinya a ƙauyen da ke gaba da mu, ya ɓata ziyarar duka yana nuna wa ubanta cewa matakalar benensu ba ta da abin dafawa. Uban ya sa abin dafawa, yarinyar kuma ta auri wani.

Kowa a nan yakan rataya ƙararrawa a ƙugu in zai hau dutse, don beyar ya ji tafiyarsa ya kauce. Noboru kuwa ko kantina zai zo da ita yake zuwa, alhali tsakaninmu bai kai taku ɗari biyu ba. Da na ji ƙilin-ƙilin daga wajen gidan wasiƙa sai in fara yanka masa awara.

Shekara talatin da shida ya yi a ofis yana rubuta allunan gargaɗi. Duk allon da ke garin nan hannunsa ne, har da wanda ke bakin lambatun da ɗan yaye ke tsallakewa. Aikin beyar ɗin ma bai ɗauke shi wasa ba. Ya sayi faifan bidiyo ya koyi tafiyar dabbar, yana gwadawa a tsakar gida. Ranar atisaye zai fito daga bayan ɗakin ajiya yana gurnani, Baba Asari maharbi ya saita shi da bindigar da ba harsashi ya ce "Ɗau!" da baki, shi kuma ya dafe ƙirji ya shiga tangaɗi. Yakan yi minti uku bai faɗi ba.

"Kai Noboru, mutu mana!" in ji Baba Asari. "Abinci na hucewa."

Sai ya zube, a zo a zungure shi da tsintsiya a tabbatar, mu tafa.

To, akwai shekarar da abin ya daina zama wasa. Cikin sati biyu na watan Yuni aka rasa mutum uku a dutsen da ke bayanmu, duk baƙi ne da suka zo ɗiban tohon gora, wanda muke miya da shi, kuma duk beyar ne ya kashe su. Jaridu suka sa dutsenmu cikin wuraren da suka fi haɗari a ƙasar, ofis ya ɗaure hanyar hawa da sarƙa. Noboru, da bai daɗe da ajiye aiki ba, ya ɗauko kujerarsa ya dasa a bakin sarƙar, babu wanda ya sa shi. Mutanen Tokyo suka riƙa zuwa ɗaukar hoto da allonsa, shi kuma ya tsare su da wa'azi har sai sun yi nadamar zuwa. Ko ɗaya bai taɓa wuce shi ba.

Wadda ke wucewa uwarsa ce, ta hanyar bayan maƙabarta.

Baba Kiyono tana da shekara tamanin da uku a lokacin, tsawonta bai kai kafaɗar ɗanta ba. Tun tana amarya take ɗiban toho, kuma a garin nan babu wanda ke sauko da irin nata, masu kauri kamar babban yatsa. Ni ke kai musu kifin gwangwanin da ake zubawa a miyar, shi ya sa nake yawan tarar da shari'arsu.

"Inna, ina kika samo wannan?"

"A tukunya."

"Kafin tukunya fa?"

"A kwando."

"Inna, an rufe dutse."

"Na ji labari. An ce wani ƙato aka zaunar a bakin sarƙa, ko ƙuda ba ya giftawa. Miƙo kwanonka in ƙara maka."

Kuma yakan miƙa. Wannan ne ke ba ni haushi da shi: yana faɗa yana sha, har ya side kwano.

Ba beyar kaɗai ke hana shi sukuni ba. Mai ɗiban toho ba ya faɗin wurinsa, ko ga wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Ita da marigayi mijinta Kinzo tare suke fita, in sun kai ƙaramar gada kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ranar jana'izarsa ma, mutane na yi mata ta'aziyya, abin da take ta maimaitawa shi ne mutumin nan ya tafi da wurinsa a ciki. Saboda haka in ta faɗi a can sama, ko ƙafa ta gurɗe mata, babu mahalukin da ya san inda zai dosa. Dutsen kuwa gora ce cunkus, ta fi mutum tsawo, wanda ke taku biyar da kai ba ka ganinsa.

"To ko ba za ki daina ba, ki faɗa min wurin," in ji shi wata rana. "Ni kaɗai."

"In faɗa maka ka je ka kafa allo? 'Hattara, nan ne wurin Kiyono.' Ka ji, ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

Ƙarfe goma take saukowa kullum. Ran nan sha ɗaya ta wuce ba ta sauko ba. Na iske shi tsaye a bakin maƙabarta, ya bar sarƙarsa ba mai tsaro, fuskar nan ta yi fari fat, ƙararrawar ƙugunsa tana ƙara ita kaɗai saboda rawar da jikinsa ke yi. Bai san ko dama zai yi ko hagu ba. Na sha yi masa dariya a rayuwata, amma ranar tausayi ya ba ni. Can sai ga ta tana ɗingishi, wai gwiwa ce ta ɗan riƙe, ta zauna ta huta. Ta wuce mu tana tambayar ko an ɗora ruwan zafi.

Da yamma ya zo kanti da dabararsa. Tunda ba ta jin magana, to za ta ji tsoro: zai sa rigar ofis ya laɓe mata a kwanar farko, ta ga beyar ido da ido, ta haƙura da dutse har abada. Abin da yake so daga gare ni shi ne in kai shi a 'yar a-kori-kurata in kuma ja masa zif, don a baya yake, hannunsa ba ya kaiwa. Ya kamata in ce a'a. Amma ni ma na gaji da duba agogo saboda tsohuwar nan, kuma, gaskiya, ina son in ga yadda za ta kaya.

Washegari gari bai gama wayewa ba muna bayan maƙabarta. Na ja zif, na kifa masa kai, ya yi taku ɗaya. Ƙilin-ƙilin.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ƙararrawa," ya ce daga cikin kan. "Biyu ce."

"Noboru, beyar da ƙararrawa? A ina ka taɓa gani?"

"In na gamu da na gaske fa?"

Na ce ya cire, ya ce sai dai a fasa. A ƙarshe ya yi alkawarin zai danne su da hannu in ta matso. Na dubi hannun, dungulmin tafin gashi ne da ko cokali ba zai riƙe ba. Na shiga motata na koma buɗe kanti.

Abin da ya faru a sama, daga bakinsu su biyun na harhaɗa shi. Da ya ji tahowarta ya yunƙura zai yi tsalle, reshe ya juya masa kan, idanun suka koma wajen kunne. Kafin ya gyara ta yi gaba. Maimakon ya dawo gida sai ya bi sautin rediyon da take ratayawa a wuya. Ita kuwa tun daga kabari na uku ta san wanda ke bayanta, don ƙarar ƙararrawar nan ta fi shekara talatin tana jin ta a ƙofar gida. Ba ta ko waiwaya ba. Ta yi ta zagaye da shi cikin gora, hawa da gangara, har ta daina jin sa, ta ce ya gaji ya koma, sannan ta nufi wurinta.

Bai koma ba, ɓata ya yi. Ya yi ta kutsawa, gumi na zuba cikin rigar, ba ya ganin komai sai ganye ta 'yan ramukan ido, har ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya gangaro daga gaɓa yana mirginawa, ƙararrawa biyu na kaɗawa, ya dire a rigingine. Wurin da aka yi shekara sittin ana bin sawun Baba Kiyono ba a gano ba, Noboru ya faɗo tsakiyarsa da baya.

Ta ajiye tohon da ke hannunta ta zo ta tsaya a kansa.

"Noboru."

Ya yi ɗan gurnani, wai ko da saura.

"Rufe min baki. Tunda nake ban taɓa ganin beyar mai tsoron beyar ba. Ka kuma kwanta min a kan masu kyaun."

Ta cire masa kan, ta share masa fuska da gefen rigarta, ta tura masa dunƙulen shinkafa a baki. Da ya gwada tashi sai ya yi ƙara, idon sawu ya karye. Zif yana ƙarƙashinsa, ita ba ta iya juya shi, waya kuma ba ta kamawa a can. Ya dubi tohon da ya kewaye shi, ya gane inda yake.

"Inna, bari in ja ciki in gangara can ƙasa. In na yi nisa sai ki kira mutane. Ba sai sun ga nan ba."

Ta ce wannan maganar ce ta fi ba ta haushi duk ranar. Amma da take faɗa min, sai ta juya fuska wajen gwangwanayen kifi ta daɗe tana karanta su. Abin da ba ta gaya masa ba a lokacin shi ne ta ga ɗanyen kashin beyar a bakin rafi da safen nan, na gaske, ba na ofis ba. Ta ƙure muryar rediyo ta rataya a saitin kansa, ta ɗaura masa jan ɗankwalinta a wuya kada Baba Asari ya hango baƙin gashi ya yi aikinsa da harsashi wannan karon, sannan ta gangaro.

Ƙarfe tara ta faɗo kantina, ba ɗankwali, ba kwando. Tunda nake ban taɓa ganin ta sauko hannu rabbana ba. Mutum huɗu ne a ciki suna sayayya.

"Fumie, kira 'yan kwana-kwana. Su zo da tsani da igiya."

"Ina za su, Baba?"

Ta dube ni, ta dubi mutanen. Sannan ta faɗa da ƙarfi, dalla-dalla yadda ba za a yi kuskure ba: bayan maƙabarta, a bi rafi har inda ya rabu biyu, a ɗauki na hagu, a wuce itacen da tsawa ta tsaga, a sauka gaɓa ta biyu. Na ga leɓen matar mai gidan wasiƙa yana motsi, haddacewa take yi.

Mutum takwas suka hau. An ce da suka isa sai da Baba Asari ya daka musu tsawa kafin suka ɗaga ido daga ƙasa suka dubi wanda suka zo ɗauka. Suka ɗaure shi a tsani suka sauko da shi cikin rigarsa, don ƙafar ta kumbura sai an yanka rigar, kuma aljihun kowannensu ya yi tulu da toho. Na tarbe su da motata aka ɗora shi, a bakin sarƙa muka ci karo da mota cike da baƙi, suka yi ta ɗaukar hoton beyar mai jan ɗankwali kwance a bayan a-kori-kurata.

"Na sha biyu ke nan," in ji Baba Asari, "kuma wannan ce ba ka yi da kyau ba."

Garin ya yi wata guda yana dariya, ni ce ma kan gaba. Noboru kuwa ya samu abin da yake nema, don Baba Kiyono ba ta sake hawa ba. Da na tambaye ta sai ta ce, "Wurin da kowa ya sani ai kasuwa ce." Ta rataye kwandonta a bayan ƙofa.

Daga nan dariyar ta fara fita daga raina. Tsohuwar da ba ta iya zama minti biyar ta koma zaman bakin taga. Ta daina tsokanar ɗanta, wanda shi ne abin da ya fi tayar masa da hankali. Sanyi ya zo ya wuce, ta rame, riga ta yi mata yawa. Da Yuni ya zagayo maƙwabta suka riƙa kawo mata kyautar toho, daga wurinta, ba kunya ba tsoron Allah. Takan yi godiya har da sunkuyawa, in sun fita ta miƙo min ta ce in kai gida. Noboru ya zo sayen awara ya ce, "Fumie, an yi gudun gara an faɗa gidan zago." Na miƙa masa awararsa ina kallon ƙasa, don hannuna ne ya ja zif ɗin.

Bayan kwana uku na ji wata irin ƙara tana tahowa tun ban gama ɗaga ƙofar kanti ba, kamar an saki garken shanu. Noboru ne, da ƙararrawa biyar, da rediyo a wuya, da usur, da hular kwano, da kwandon uwarsa a baya. Yana ɗan jan ƙafar da ta karye.

Ashe da ya ce wa uwar zai hau ya ɗebo mata da kansa, dariya ta yi, ta farko cikin wata da watanni. Sai da ta ga yana ɗaure takalmi da gaske ta kira shi ciki ta rufe ƙofa. Kinzo bai tafi da wurinsa ba. Ya faɗa mata ana gobe zai rasu, ta riƙe shekara goma sha tara, ta bar gari yana yi mata jaje. Gwiwarta ce ba ta iya hawan wurin.

"To ina ne?" na ce, kamar ba da wata manufa ba.

Ya dube ni ta ƙarƙashin hular kwanon. "Ba a faɗa."

Sai ya zaro ambulan, an liƙe bakinta an buga hatiminsa har wuri uku, ya ajiye min a kan kanta. Taswira ce. In sha biyu ta buga bai sauko ba in buɗe, in ya sauko in mayar masa yadda ya ba ni. Ya bi ta bayan maƙabarta, ya bar kujerarsa a bakin sarƙa, muna jin sa har ya kusa kai rafi.

Shekara uku ke nan ana haka duk Yuni. Tohon da yake kawowa rabi a karye suke, don da ya ji motsin ganye yake cika hannu ya yi gaba, uwar kuma takan zazzage su a tabarma ta zage shi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta aiko a karɓi kifin gwangwani biyu. Ta mayar da jikinta. Ambulan ɗin kuwa na ɗaga ta a hasken taga ba sau ɗaya ba, amma mutumin ya ninka takardar gida takwas.

Abin da ban zata ba shi ne baƙuwar da na samu. Duk ranar da ya hau, ƙarfe takwas Baba Kiyono tana kantina, wai ta zo duba ko an kawo sabon gishiri. Takan zauna a kan akwatin lemo, inda take ganin agogo da kuma aljihun teburin da ambulan ke ciki. Ba ta sayen komai. In mota ta wuce sai ta ɗaga min hannu in yi shiru, ta karkata kunne wajen maƙabarta.

Ranar farko, da sha ɗaya ta gota ba mu ji ƙararrawa ba, na ga hannunta yana murza bakin rigarta. Na zuba mata shayi, na ce, "Baba, wanzami dai ba ya son jarfa."

Idonta na kan agogo.

"Fumie," ta ce a hankali, "ashe haka zaman nan yake?"